Shagunan buga kati da hatimi a Kano: ɗab'in ya yi, sai dai a kula da layin muƙami

Ta fuskar ɗab'i, ƙananan shagunan nan sun san aikinsu. Katin kasuwanci mai girman milimita 85 da 55, a kan takarda mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita, ana lulluɓe shi da leda marar sheƙi, ɗari-ɗari a kwali. Da manhajar CorelDRAW suke zane, kuma wanda ya amince da samfuri da safe yakan karɓi kayansa washegari. Hatimi mai tawada a cikinsa ya fi na katako tsabta, amma idan rubutu ya yi ƙanana sai haruffa su cakuɗe.

Matsalar tana layin da ke ƙarƙashin suna. Samfurin da ke kwamfutarsu yakan zo da MD/CEO, wato manajan darakta kuma babban jami'in gudanarwa, haka za a manna wa kowa, ba mai tambayar takardar rajista. Alhali lambar da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta bayar ita ke nuna abin da ya dace. Mai lambar BN sunan kasuwanci kawai ya yi wa rajista, ba shi da daraktoci, saboda haka shi mamallaki ne. Mai lambar RC kamfani ne, nan ake da darakta, kuma manajan darakta shi ne wanda aka damƙa wa tafiyar da harkokin yau da kullum daga cikin daraktocin. Ciyaman kuwa zaman daraktoci yake jagoranta. Dokar kamfanoni ta 2020 ta hana ciyaman na kamfanin da jama'a ke da hannun jari a cikinsa ya haɗa da kujerar babban jami'in gudanarwa, don haka katin da ya jera su biyun ga mutum ɗaya a irin wannan kamfani kuskure ne. Ƙungiyoyi masu lambar IT amintattu gare su, da shugaba da sakatare. Darakta janar an fi jin sa a hukumomin gwamnati irin su NAFDAC.

Wannan sakaci yana cin kuɗi. Banki na duba sunayen daraktoci a takardun CAC, hatimin da ya saɓa musu kan jawo tambayoyi, a ƙarshe a sake wani.

Mafita ita ce ka je da kwafin takardar rajista, ka rubuta muƙamin da hannunka, ka nemi a fitar da kati ɗaya na gwaji kafin a buga sauran. Idan an fassara bayan katin da Hausa, duba ƙ, ɗ da ɓ, domin wasu nau'o'in rubutu ba su da su, sai akwati ya fito a gurbinsu.