Shagon buga zane a Zango: aikin da ake aunawa kafin a danna

A unguwar Zango ta birnin Damagaram, ba da nisa da Kasuwar Dole ba, akwai wani ƙaramin shago da ke buga suna da hoto a kan kofuna, huluna, rigunan jarirai da mariƙin makulli, da injin da ke danna zane da zafi. Na kai musu aikin kayan rabo na bikin suna, kuma abin da ya sa nake yaba musu shi ne ba su yarda da awon ido ba, sai sun auna.

Wannan yana da muhimmanci, domin a kan babbar riga karkatar rabin santimita ba ta fiye bayyana ba, amma a ƙirjin rigar jariri, inda faɗin wurin bai wuce tafin hannu ba, kowa zai gan ta. Mai shagon yakan ninke rigar gida biyu, ya ɗan danna ta na daƙiƙa kaɗan har layin tsakiya ya fito, sannan ya ninke gefen takardar da zanen ke kai, sama da ƙasa, don ya sami tsakiyarta, ya haɗa alamun biyu, ya sauko kamar faɗin yatsu biyu daga wuyan rigar. Yakan kuma sa ɗan matashi mai jure zafi a cikin rigar, saboda ɗinki da maɓallai kan ɗaga farantin injin, su hana nauyinsa sauka daidai a kan zanen.

A kan kofi ne na fi ganin ƙwarewarsa. Yakan auna daga mariƙin kofin zuwa kowane gefen takardar har tazarar ta zo ɗaya, ya manne ta da salatif mai jure zafi, domin a zafin da ya kai digiri 180 zuwa 200, takarda in ta ɗan motsa sai rubutu ya fito da inuwa, kuma ba ya gyaruwa. Ya kuma tambaye ni ko ina son sunan ya fuskanci mai shan ko wanda ke gabansa, tambayar da ba kowane mai wannan sana'a ke yi ba. Hula ba ta ba shi wahala, tunda ɗinkin tsakiyarta ya isa jagora.

Inda suka gaza shi ne mariƙin makulli. Yaron shagon ne ya yi su cikin gaggawa bayan an dawo da wuta, wasu suka fito rubutun ya matsa kusa da hujin. Da na nuna, mai shagon ya sake su ba tare da ƙarin kuɗi ba, sai dai aikin ya ƙara kwana. Duk mai biki ya kai aikinsa da wuri, ya kuma nemi a buga masa guda ɗaya ya duba kafin a ci gaba da sauran.