Gargaɗi ga 'yan uwa mazauna Ingila game da wani mai tallan bindigar iska ta korar barewa

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman masu ɗan lambu a bayan gida. Akwai wani mutum da ke tallata bindigogin iska a intanet da sunan wai na korar barewa ne daga lambu, yana kiran kansa dillali mai rajista, kuma ina shaida muku cewa ɗan damfara ne. Ya karɓi fam 615 daga hannuna a biya uku, wato fam 380, da fam 95, da fam 140, kuma har zuwa lokacin da nake wannan rubutu ko kwalin banza bai iso ƙofar gidana ba. Na daɗe ina shawarar in yi shiru, domin ba ƙaramin abu ba ne magidanci ya fito bainar jama'a ya ce an damfare shi, amma shafin mutumin yana nan a buɗe, tallansa yana ci gaba da yawo, kuma na tabbata akwai wanda yake hira da shi a halin yanzu.

Ina zaune ne a gefen wani gari a yankin Bedfordshire, kuma katangar bayan gidanmu ta haɗa iyaka da wani ɗan kurmi. Duk wanda ya san wannan yanki ya san ƙaramar barewar nan da ake kira munjak, wadda girmanta bai wuce na gada ba, tsayinta a kafaɗa kusan rabin mita ne, kuma da dare takan yi haushi har mutum ya ɗauka kare ne. Daga ƙasar Sin aka kawo ta gandun Woburn da ke nan Bedfordshire sama da shekara ɗari da suka wuce, ta fita ta bazu, kuma tun da haihuwarta ba ta da wani lokaci na musamman a shekara, yawanta ya kai inda masu lambu suke kuka da ita ko'ina. A bana ta cinye mini wake tun yana toho, ta share alayyahu da latas, ta kuma ɓare jikin ɗan itacen tuffar da na dasa. Wanda ya san gajartar lokacin zafi a ƙasar nan ya san cewa idan aka cinye shukar watan Yuni, to noman shekarar ya tafi. A cikin wannan hali nake neman mafita lokacin da tallan nasa ya bayyana a wayata.

Abin da ya hana ni barci tun daga lokacin shi ne hirarmu ta waya, kuma ina roƙon a karanta wannan wuri da kyau kafin a yanke mini hukunci. Ni na kira shi da niyyar sayen wata bindiga mai tankin iska, irin wadda ake dura wa iska da famfo, wadda ya sa wa fam 520. Shi da bakinsa ya hana ni. Ya ce kada in ɓata kuɗina, tun da ba farauta zan yi ba, mai sifirin wadda ake ɗanawa da hannu ta ishe ni, ba ta buƙatar famfo ko tanki, kuma yana da wata Weihrauch HW97K ƙirar Jamus, mai bakin .22, wadda aka ɗan yi amfani da ita, zai bar mini a fam 380 haɗe da madubin saiti. Mutumin da ya sauko da ni daga fam 520 zuwa fam 380 da kansa, ta yaya zan ɗauke shi ɓarawo? Na sha maimaita wannan hira a zuciyata, kalma bayan kalma, da yadda ya yi shiru na ɗan lokaci kamar yana duba kaya a ɗakin ajiya, da yadda ya tambaye ni faɗin lambun da abin da ke bayan katanga, da yadda ya ce in tabbata ina da wurin kulle ta saboda yara. Duk tambayoyin da dillalin kirki zai yi ya yi su. A daidai wannan lokaci ne hankalina ya kwanta da shi, kuma yanzu na gane cewa fam 140 ɗin da ya nuna ya rage mini shi ne daidai fam 140 ɗin da ya dawo ya karɓa daga baya da wani suna.

Ban shiga wannan ciniki ido rufe ba, kuma ba zan amince wani ya ce kwaɗayin araha ne ya ja ni ba. Sabuwar irin wannan bindiga ta haura fam 500 a shago, saboda haka fam 380 ga wadda aka yi amfani da ita ba farashin da zai tayar wa mutum hankali ba ne. Na ɗauki lambar rajistar kamfanin da ke ƙasan shafinsa na duba a kundin Companies House na gwamnati, na ga kamfani mai wannan suna yana nan da ransa. Na nemi ya rubuta sunana a takarda ya ajiye kusa da bindigar ya ɗauko hoto, ya kuwa turo. Ya turo mini hoton wata takarda mai tambarin 'yan sanda wadda ya ce ita ce shaidar dillancinsa. Ina da duk waɗannan, kuma zan sa su a ƙasan wannan rubutu da zarar na rufe adireshina da lambar asusuna da suka fito a ciki. Daga baya ne ya bayyana cewa sunan kamfanin mutane da lambarsu ya sata ya liƙa a shafinsa, kuma su ma masu kamfanin, da na same su a waya, sun ce ba ni ne na farko da ya kira su a kan wannan magana ba. Ba zan ambaci sunansu ba domin su ma zaluntarsu aka yi.

Fam 95 ɗin ya zo ne ta saƙon wani da ya ce shi jami'in kamfanin sufuri ne, wai kuɗin inshora ne saboda kayan makami ne, kuma za a mayar mini da shi a ƙofar gida idan na sa hannu. Kafin wannan, ya kamata in faɗi yadda aka biya na farkon, domin a nan ne ya fi nuna ƙwarewa. Na so in biya da kati, sai ya ce kamfanonin kati ba sa son hulɗa da masu sayar da makamai, suna riƙe masa kuɗi, don haka tura kuɗi kai tsaye daga asusu zuwa asusu shi ne abin da duk abokan cinikinsa suke yi. Da na sa lambar asusun, manhajar banki ta nuna sunan mutum maimakon sunan kamfani. Na tsaya nan take na kira shi, ya ce asusun abokin kasuwancinsa ne mai kula da kuɗi, ya faɗi sunan daidai da yadda yake a fuskar wayata ba tare da na karanta masa ba, ya kuma turo rasiti mai ɗauke da sunan. Wannan ya faru ne da yammacin ranar da muka yi hirar farko, kuma lambar bin sawun kaya ta iso washegari, a wani shafin sufuri da ke nuna kayan sun bar Birmingham. Saƙon inshorar ya biyo bayan wannan lamba ne, lokacin da shafin ya nuna an tsayar da kayan a hanya. Fam 380 sun riga sun fita, kayan kuma a ganina suna cikin mota, to wane ne zai bar fam 380 su salwanta saboda fam 95 da aka yi alkawarin mayarwa?

Na ukun, fam 140, wai kuɗin tantance shekaru da izinin 'yan sanda ne, domin doka ta hana sayar da bindigar iska ga wanda bai kai shekara 18 ba. Wannan magana ta shekara 18 gaskiya ce, kuma haka yake yi a kowane mataki, ya ɗauko doka ta gaskiya ya jingina ƙaryarsa a jikinta. Da na nuna damuwa sai ya kira ni da kansa, ya ba ni haƙuri, ya zagi kamfanin sufurin, ya ce shi ma sun gajiyar da shi, ya ce idan na ga dama in fasa ya mayar mini da kuɗina gaba ɗaya, sai dai zai ɗauki makonni. Muryar nan ce dai da ta ce kada in ɓata kuɗina. Na tura fam 140. Bayan haka aka nemi wasu fam 200 na ajiyar kaya a rumbu, na ƙi, na ce a dawo mini da fam 615 ɗina, kuma daga wannan saƙo lambarsa ta daina shiga.

Abin da ya fi ƙona mini rai, fiye ma da kuɗin, shi ne abin da wani dillali na gaske ya bayyana mini da na shiga shagonsa da hotunan. Na farko, tun shekarar 2007, a ƙarƙashin dokar rage laifukan tashin hankali ta 2006, duk mai sana'ar sayar da bindigar iska a ƙasar nan dole ne ya kasance dillali mai rajista a wurin 'yan sanda, kuma dole ne ya miƙa wa mai saye ido da ido, ko shi da kansa, ko ma'aikacinsa, ko ta hannun wani dillali mai rajista da ke kusa da mai sayen. Babu wani ɗan kasuwa da doka ta yarda ya jefa ta cikin kwali ya ba motar sufuri ta kai gida. Na biyu, wanda ya fi muni, dokar barewa ta 1991 ta haramta amfani da kowace irin bindigar iska a kan barewa a Ingila da Wales. Bindigar iskar da ake riƙewa ba tare da lasisi ba ƙarfinta ba ya wuce 12 a ma'aunin ƙarfin harbi da ake kira fut-fam, alhali mafi ƙarancin abin da doka ta yarda a harbi munjak da shi bindiga ce ta lasisi mai ƙarfin 1,000 a wannan ma'auni. Ɗan harsashin darma ba zai kori dabbar kawai ba, zai huda fatarta ne ya zauna a jikinta, ta tafi da rauni ta sha wahala. Ko harsashin ya tsallake katangar mutum zuwa gidan maƙwabci ma laifi ne mai zaman kansa.

Ni kuwa na tambayi mutumin nan ƙarara a kan wannan, kuma tambayar tana nan a rubuce cikin saƙonninmu. Na gaya masa ba na son kashe dabba ko ji mata ciwo, so nake ta tsorata ta daina shigowa. Ya amsa cewa halal ne a doka muddin a cikin lambuna nake, kuma zai haɗo mini da wasu harsasai masu laushi da ba sa huda fata. Wanda ya ce shi dillali ne mai takardar 'yan sanda, shi ne ya kamata ya san doka ya faɗa wa mai saye, don haka ne na tambaye shi tun farko. Da a ce bindigar ta iso na yi aiki da maganarsa, da yanzu ba fam 615 nake kuka a kai ba, da ina gaban kotu, kuma duk wanda yake zaune a ƙasar nan da takardar izinin aiki ya san abin da laifin makami zai jawo wa zamansa da na iyalinsa. Wannan mutum bai damu da hakan ba ko kaɗan, kuɗin kawai yake so.

Na kai rahoto cibiyar karɓar ƙorafin zamba da 'yan sandan birnin Landan ke kula da ita, sun ba ni lambar shaida. Na kuma shigar da buƙata a bankina a ƙarƙashin ƙa'idar da ta fara aiki ranar 7 ga Oktoba, 2024, wadda ta wajabta wa bankuna mayar wa wanda aka yaudara ya tura kuɗi da hannunsa har zuwa fam 85,000, kodayake suna da damar cire fam 100 daga ciki. Suna ta tambayata ko na ga gargaɗin da manhaja ta nuna kafin in tura, na ce na gani, na tsaya, na kira mutumin, na nemi rasiti, kuma ban san abin da ya rage mai hankali ya yi ba. Har yanzu ina jiran hukuncinsu. A gida kuwa sai da na zauna na yi wa maiɗakina bayanin inda fam 615 suka shiga a watan da muke lissafin kuɗin haya da na wuta, kuma duk da ba ta ce mini komai ba sai addu'a, wannan zama ya fi mini zafi a kan duk tambayoyin banki. Fam 380, fam 95, fam 140. Da wannan kuɗi da na sayi sabuwa fil a shago, ko kuma na kewaye lambun gaba ɗaya da waya. Ban yafe masa ba, kuma Allah ya isa tsakanina da shi.

Kada kowa ya sayi bindigar iska saboda barewa, haramun ne a doka, kuma duk wanda ya tallata muku ita da wannan suna maƙaryaci ne. Ku kafa shingen waya mai tsayin aƙalla mita 1.5, mai ƙananan ƙofofi, ku danne ƙasansa sosai domin munjak ta ƙasa take kutsawa. Idan kuna son bindigar don wani dalili na halal, ku shiga shago da ƙafarku ku biya da katin bashi, wanda doka ta kare cinikin da ya haura fam 100. Wanda ya riga ya tura wa mutumin nan kuɗi ya kira 159 yanzu a haɗa shi da bankinsa, sannan ya yi mini magana ta akwatin sirri, domin ina tattara lambobin asusun da yake amfani da su in haɗa da rahotona.