Kambas ɗin gwanjo na Kasuwar Sabon Gari: zai kai mutum kilomita 42 a Legas?

Masu shirin gudun yada ƙanin wani na Legas, wanda ake yi tun 2016, galibi a watan Fabrairu, sun fara yawa a Zariya, musamman matasan da ke tara wa gidan marayu ko marasa lafiyan asibitin Shika gudunmawa, inda 'yan uwa da abokai ke yin alkawarin wani abu a kan kowace kilomita. Galibinsu rumfunan gwanjo na Kasuwar Sabon Gari suke nufa neman takalmi, don sabon Nike ko Asics na asali ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi.

Kaya akwai su. Idan aka buɗe dila ana samun Nike Pegasus, Asics Gel-Nimbus, Brooks Ghost da Adidas iri-iri, kuma na asali ne, abin da ba za a ce ba game da yawancin sabbin da ake jerawa a kwali suna ƙyalli. 'Yan rumfar suna da haƙuri, za su bar ka ka gwada ƙafa biyar ba su ɗaure fuska ba. Sai dai sana'arsu sayar da takalmin ado ce. An wanke, an goge, an sa sabuwar igiya, a wurinsu ya zama "na ɗaya". Mai gudu kuwa ba saman takalmi ne damuwarsa ba, soson da ke tsakanin ƙafa da kwalta ne.

Wannan soso yana mutuwa bayan kilomita 500 zuwa 800, ko da saman bai yage ba. Ga lissafin: atisayen mako 16, kilomita 40 a mako, ya kama 640 ke nan. Wato ko sabo ne, atisaye kaɗai zai kusa cinye shi, balle wanda wani Bature ya riga ya sha rabin ransa. Sakamakon shi ne ciwon ƙwauri da na gwiwa da ke tasowa daidai lokacin da aka fara dogon gudu na kilomita 28 zuwa 32.

Saboda haka kada ka ji nauyin cewa, "Alhaji, a zare mini shimfiɗar ciki in gani." Danna babban yatsa a wajen dunduniya daga ciki. Soso mai rai zai lotsa ya dawo, matacce kuwa tauri gare shi kamar busasshen ƙanzo. Duba gefensa: ƙananan layuka masu zurfi da suka tattare alama ce ta an gama da shi. Ajiye shi a kan benci, ka leƙa ta baya. In ya karkata gefe guda, tafiyar tsohon mai shi ce ta cinye shi, kuma gwiwarka ce za ta biya. A juya tafin a ga ko zanen robar na nan. Lakabin da ke cikin harshen takalmin yana ɗauke da lamba da lokacin da aka ƙera shi, a tabbatar na hagu da na dama sun zo ɗaya, domin a cikin dila sau da yawa ana haɗa 43 da 44 a ɗaure tare. Wanda shumeka ya riga ya liƙe tafinsa da gam, a bar shi, zafin kwalta zai ɓamɓare shi.

A je da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za a yi gudu da ita, a kuma bar faɗin babban yatsa tsakanin yatsu da bakin takalmi. Takalmin da ya zauna cif a kasuwa shi ne ke baƙanta farce a kilomita ta 30. Takalman tsere masu farantin kabon a cikin soso, irin su Nike Vaporfly, in an gan su a gwanjo, a wuce. Sosonsu bai da tsawon rai, kuma mai gudun awa biyar ba lalle ne ya ga amfaninsu ba.

Abin da rumfar ba za ta gaya maka ba shi ne bambancin yanayi. Kai a cikin hunturu kake atisaye a hanyar Samaru zuwa Shika, gumi na bushewa nan take. A Legas, inda a shekarun baya ake tashi daga filin wasa na Surulere a bi gadar Third Mainland mai kusan kilomita 12 babu inuwa har zuwa Eko Atlantic, gumi gangarowa yake yi cikin takalmi. Mai kaurin yadi zai jiƙe ya yi nauyi, safar auduga ta fito da bororo. A zaɓi mai saman raga, safar roba, a shafa basilin tsakanin yatsu.

Don atisaye, gwanjon Sabon Gari ya biya kuɗinsa, in an iya dubawa. A sayi ƙafa biyu ana musanyawa. Wanda sosonsa ya fi rai a ware shi don ranar tsere, bayan an yi dogon gudu biyu ko uku da shi. Farashi yana bin dala, don haka a zaga rumfa uku kafin a taya, kuma a sani in an biya an fita, ba a dawo da kaya.