Na biya kuɗi an zagaya da ni maƙabartar Père Lachaise, ga yadda ta kaya

Da na tura wa 'yan gida hotunan sai yayata ta kira ni wai wane gidan tarihi ne wannan mai kyau haka, na ce mata Yaya maƙabarta ce fa, ta yi shiru can ta ce kai dai Allah ya shirye ka, duk faɗin Faris ka rasa inda za ka je yawo sai cikin matattu. Ban ga laifinta ba wallahi, a wajenmu ba ka zuwa maƙabarta sai rakiyar gawa ko ziyara ko gyaran kushewa bayan damina, balle a ce ka rataya kyamara ka biya wani ya zagaya da kai. To ni dai na yi, ƙarshen watan Oktoba ne, kuma abin da nake so in yi magana a kai shi ne shi wannan zagayen da na biya wa kuɗi, ko ya ci kuɗinsa ko bai ci ba.

Ita shiga maƙabartar kyauta ce, ku riƙe wannan tukun. Abin da na biya na ɗan jagora ne, wani kamfani da na gani a intanet suka rubuta wai zagaye ne na musamman don masu ɗaukar hoto, awa biyu da rabi, mutane kaɗan, da Turancin Ingilishi. Kuɗin ba su kai a yi kuka ba amma za su yi min cefanen kwana biyu. Na ja mai masaukina muka tafi tare, Bamaradi ne yana karatu a can, shekararsa ta uku a garin amma ko sau ɗaya bai taɓa leƙa wajen ba. Muka sauka a tashar Philippe Auguste ta layi na 2, ita ce ta fi kusa da babbar ƙofa, muka tarar da mutumin riƙe da jar lema. "Mutane kaɗan" ɗin nan da na ƙirga mu mun haura ashirin, masu kyamara ta gaske mu uku ne kacal, saura duk waya.

Gaskiya mutumin ya iya labari, wannan ba zan zalunce shi ba. Shi ya ba mu labarin yadda aka buɗe wajen a 1804 zamanin Napoleon, lokacin nan bayan gari ne sosai, mutanen Faris suka ƙi kawo gawarsu wai ya yi nisa kuma ba kusa da coci ba. Sai hukuma ta yi dabarar 'yan kasuwa, a 1817 aka tono ƙasusuwan manyan marubuta biyu, Molière da La Fontaine, aka kawo nan aka sake binnewa, shi ke nan masu kuɗi suka fara rububin sayen fili don su ma su kwanta maƙwabtaka da manya. Abokina da ya ji sunan La Fontaine sai ya saki baki ya ce kai mutumina, wannan ai shi ne ya sa muka sha bulala a lekwal wajen haddar tatsuniyoyinsa, ashe nan yake kwance. Sai da ya tsaya na ɗauke shi hoto a gaban kabarin yana harararsa. Sunan wajen kuma na wani limamin kirista ne, François de la Chaise, wanda sarki Louis na 14 yake zuwa wajensa neman gafarar zunubi.

Girman wajen ne ya fara ba ni tsoro. Hekta 44 ne, kaburbura wajen 70,000, an raba shi shiyya-shiyya har 97, da tituna masu suna da allo kamar unguwa, kuma a kan tudu yake, hawa kake ta yi a kan daɓen duwatsu. Kaburburan da yawa ɗakuna ne sosai da ƙofar ƙarfe da tagar gilashi mai launi, wani ma ya fi shagon da na taɓa haya a gida kyau. Ga lokacin da na je shi ne kakarsu, ganye duk ya rikiɗe ya koma ruwan ɗorawa da ja, iska na kaɗawa yana zubowa a kan kafaɗun mutum-mutumin, gansakuka ta yi kore shar a jikin dutse, tagulla ta yi tsatsa kore tana zubo wa wasu a fuska kamar hawaye, hankaki na ta kuka a sama. An yi yayyafi da safe don haka komai na sheƙi. Duk wanda ya san daɗin hoto ya san irin wannan ranar ba kullum ake samu ba.

To a nan matsalata da zagayen take. Mutumin sauri yake kamar an biyo shi. Mun zo wajen Chopin mai kiɗan fiyano da ya mutu 1849, an sassaƙa wata mata da farin dutse a kan kabarin ta sunkuyar da kai tana riƙe da abin kiɗa, ganye guda ɗaya ja ya faɗo ya tsaya mata daidai cinya, haske ya ratso ta tsakanin bishiyu, na durƙusa ina gyara kyamara ina jira mutane su matsa, ɗagowar da zan yi sai na hango jar lema har ta kusa shan kwana. Haka na danna a gurguje na bi su da gudu, hoton ya fito da gwiwar hannun wani a gefe. Labarin da ya bayar a wajen mai daɗi ne kam, cewa gangar jikin ce kawai a nan, zuciyar mutumin 'yar'uwarsa ta tafi da ita Warsaw can ƙasarsu Polan tana cikin ginshiƙin wani coci, amma ni labari na zo saya ko hoto? Ko sau ɗaya bai ce ku tsaya ta nan haske ya fi kyau ba, ko ya nuna mana wani lungu da ba kowa ya sani ba. Da na yi masa magana sai ya yi murmushi ya ce akwai wurare da yawa a gaba. Sunan "na masu hoto" kawai aka manna wa zagayen da kowa ke yi aka ƙara kuɗi.

Inda ya daɗe kuwa sai wajen Victor Noir, ɗan jarida ne mai shekara 21 da Pierre Bonaparte, ɗan'uwan sarki Napoleon na 3, ya harbe a 1870. An zuba siffarsa da tagulla kwance warwas kamar yanzu ya faɗi, hularsa ta gangara gefe, maɓallin riga a buɗe, aikin Jules Dalou ne kuma aiki ne na gwani har da tattarewar wando. Duk jikin ya yi kore banda wurare kaɗan da suke ƙyalli saboda shafar hannu, leɓe da ƙafar takalmi da wani waje da kunya ba za ta bar ni in faɗa ba, wai mata masu neman haihuwa ko miji ke zuwa shafawa. A 2004 an kewaye shi da shinge aka yi ta surutu har aka cire. Abokina ya raɗa min a kunne ya ce ashe su ma suna da nasu camfin, mu kaɗai ake yi wa dariya. Kabarin marubuci Oscar Wilde ma haka, tun 2011 aka sa masa gilashi saboda mata sun dame shi da sumbata da jan baki har dutsen ya fara lalacewa, kuma gilashin nan bala'i ne ga mai hoto, duk ta inda ka tsaya kanka kake gani.

Abu ɗaya da ya yi ya burge ni. Muna gangarowa muka ci karo da masu binne gawa, don har yanzu ana binne mutane a wajen, wani cikinmu ya ɗaga waya zai ɗauka, nan take ɗan jagoran ya sa hannu ya sauke wayar ya juya da mu ta wata hanya ba tare da hayaniya ba. Ranar 1 ga Nuwamba ta gabato lokacin, ranar da suke ziyarar mamatansu, ko'ina tukwanen fulawa ne rawaya da fari, na ga wata tsohuwa da bokiti da burushi tana wanke kabari tana magana ita kaɗai a hankali. Na ɗaga kyamara na sauke. Sai na tuna kabarin kakana, tulin ƙasa ne da fasassun tukwane, yanzu ko ni sai na yi da gaske zan gane shi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne bai kai mu ɓangaren musulmi ba, ko ambatonsa bai yi ba sai da na tambaya a ƙarshe ya ce ba ya cikin hanyarsu. Alhali a 1857 aka keɓe wannan fili bisa roƙon ofishin jakadancin daular Usmaniyya, har da ɗan ƙaramin masallaci a ciki wanda aka rushe a 1914. Washegari na koma ni kaɗai na nemo shi, shiyya ta 85 ce can sama. A nan aka binne Malika Kishwar, uwar sarkin Awadh ta ƙasar Indiya, wadda ta tafi Ingila kai ƙara bayan Turawa sun ƙwace masarautar ɗanta a 1856, a hanyar komawa ajali ya riske ta a Faris a 1858. Na yi sallama irin wadda aka koya mana, na yi addu'a, ba kowa a wajen sai wata kyanwa a kan dutse tana lasar ƙafa.

Kuma duk hotunan da nake alfahari da su na wannan zuwa na biyun ne. Na sauka a Gambetta ta layi na 3 na shiga ta ƙofar sama, sai ya zama gangara nake yi ba hawa ba, na ɗauki hoton taswirar da ke bakin ƙofa a waya, tun wajen ƙarfe tara ina ciki kafin 'yan yawon buɗe ido su cika. Na je bangon da aka harbe mutum 147 na 'yan tawayen Faris a watan Mayun 1871, na yi kusan minti ashirin a gaban wani mutum-mutumi da yake ɓallo dutsen kabarinsa yana fitowa da fure a hannu, ba mai jar lema da zai ce in taho.

Idan maki zan bayar, uku cikin biyar, ukun nan kuma na bakinsa ne da ladabin da ya nuna wajen masu makoki. Wanda yake da rana ɗaya tak kuma labari yake so ya biya, zai ji daɗi kuma ba zai ɓata ba. Mai son hoto ya riƙe kuɗinsa. Ku sa takalmi mai kama ƙasa don jiƙaƙƙen ganye a kan duwatsun nan santsi ne da shi, ni sai da na zauna daɓas sau ɗaya na ɗaga kyamara sama kamar mai tsallake kogi, a zo da batir na biyu don sanyi na shanye shi da wuri, kuma daga farkon Nuwamba ƙarfe 5:30 suke rufewa, za ka ji masu gadi na kaɗa ƙararrawa suna kora. Yayata dai har yau cewa take kar in kuskura in sa hotunan nan a bangon falo.