"Five hundred riyals is" ko "are"? Ga inda suka rabu

Wani ƙanenmu da ke aikin karɓar baƙi a wani otal a Makka ya kawo tambaya. Wani alhaji ɗan Malesiya ne ya ji kuɗin ɗaki, sai ya girgiza kai ya ce, "Five hundred riyals is too much." Shi kuwa ƙanen namu tun yana firamare aka koya masa cewa sunan da ya ɗauki "s" jam'i ne, "are" ke bin sa. To alhajin ne ya kwafsa, ko malamin makaranta?

Ƙanena, alhajin na kan daidai. Malaminka ma bai yi ƙarya ba, darasin ne bai kai maka ƙarshensa ba.

A maganar kuɗi da lokaci, Bature ba "s" ɗin yake kallo ba. Abin da yake dubawa shi ne, a dunƙule abin yake ko a warwatse? Ɗauki waɗannan biyu ka jera su:

"Five hundred riyals is too much for this room."
"Five one-riyal coins are on the table."

A ta farko farashi ake nufi, adadi guda. Ko ya miƙo maka takardar 500 mai hoton Sarki Abdul'aziz, ko ya zube maka 'yan goma-goma har hamsin, ko ya biya da kati, kuɗin ɗakin dai ɗaya ne. Shi ya sa aikatau ya zo a tilo. A ta biyu kuwa tsabar kuɗi ce a gabanka, irin sulallan riyal ɗaya da aka fitar a 2016, kana iya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ka ƙirga. Nan "are" ta samu wurin zama.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke shan wahala a kan abin da harshenmu ya riga ya saba da shi. Je ka Shara Mansur da ke Makka ka tsaya kusa da masu ciniki. "Naira dubu ta yi kaɗan" za ka ji, "awa shida ta yi yawa" za ka ji. Mu ma a dunƙule muke ɗaukarsu, har ba ma damuwa da mayar da sunan jam'i: shekara goma, kwana uku. Wancan "s" ɗin ne kawai ke ruɗa ido.

Lokaci ya fi kuɗi santsi, don haka a nan zan ɗan tsaya.

"Six hours is a long time on a bus."
"Six hours have passed and the bus has not come."

Wanda ya taɓa bin mota daga Makka zuwa Madina ya san ta farko a jikinsa: tafiyar ce gaba ɗaya ake aunawa, ana kwatanta ta da jirgin ƙasan Haramaini da ke cinye kilomita 450 cikin awa biyu da 'yan mintoci. A ta biyu mutum ne zaune a tasha yana duba agogo, awa na wucewa, wata na bin ta. Lokacin da ake ƙirga wucewarsa ya fi son jam'i: "Ten years have passed since I came to Jeddah." Za ka ji masu cewa "has passed", kuma ba a kama su da laifi a hira, amma in jarrabawa ce ni "have" zan rubuta.

Nisa da nauyi duk layin kuɗi suke bi: "Two kilos of dates is enough."

Rabi da kaso su ne ba sa bin wannan hanya. Su sunan da ke bayan "of" suke kallo. "Half of the money is gone", amma "Half of the pilgrims are asleep." Harajin kaso 15 da ake ɗorawa a rasit a Saudiyya tun Yulin 2020, in za ka yi wa baƙo bayaninsa, "Fifteen percent is added" za ka ce.

In alhajin ya dawo yana neman ragi ya taya 400, amsarka ita ce "Four hundred riyals is not enough, sir."