iPod Classic ko ƙaramar MP4 mai memori?

Gaskiya wajen ɗaukar kaya iPod Classic ta yi gaba, mai 160GB ɗin nan ka zuba waƙoƙi dubbai ba ta cika ba, batirin ma yana daɗewa. Matsalar faifan ajiyarta juyawa yake, ta faɗi ƙasa da ƙarfi sai a hankali, ga wahalar iTunes, manhajar da ake zuba mata waƙoƙi da ita daga kwamfuta, kuma Apple sun daina yinta tun 2014 sai dai ta hannu.

MP4 'yar Chana kuwa arha ce, ka kai memori wurin masu turi a cika maka shikenan. Amma allon ƙarami, wani bidiyon ba ta buɗewa, caji ba ya jimawa. Ni dai ita zan ɗauka saboda yawancinsu na da FM, Classic babu.