Behringer XM8500: makirufon mai ɗaukar waƙa a ɗakin kwana

Ɗakin da nake ɗaukar waƙa mai rufin kwano ne, tagarsa na kallon titi. Ga ƙarar adaidaita sahu, ga janaretan maƙwabta da zarar an ɗauke wuta. Duk mai aiki a wuri irin wannan, shawarata ya ajiye maganar kwandensa, wato makirufo mai saurin jin ƙaramin sauti, tukuna, ya nemi makirufo nau'in dainamik. Nawa Behringer XM8500 ne, kuma kuɗin sanannen makirufon nan na mawaƙa, Shure SM58, guda ɗaya zai sayo maka irinsa uku har a ba ka canji. Kama suke yi sosai, kai ka ce ƙanen SM58 ɗin ne; shi SM58 yana kasuwa tun 1966.

Abin da ya sa ya yi mini rana yana cikin ƙirarsa. Sauti na kaɗa wata 'yar siririyar fata, ita kuma ta motsa naɗaɗɗiyar waya a cikin maganaɗisu. Wayar na da ɗan nauyi, don haka bai kai kwandensa saurin jin ƙaramin sauti ba. Ga shi kuma ta gaba yake ji, bayansa kusan kurma ne. Sai na juya bayansa ga taga, na kusanto da baki tazarar yatsu biyu ko uku, muryata ta danne hayaniyar waje. Ba ta ɓacewa gaba ɗaya, amma da zarar kiɗa ya hau, sai mai kasa kunne zai tsinto ta.

Kusancin nan yana ƙara wa murya kauri. Ga mai siririyar murya alheri ne. Mai babbar murya kuwa sai ya ja baya kaɗan, ko a rage ƙasan sautin wajen haɗawa, in ba haka ba kalmomi su dunƙule. Harafin f ɗinmu da ke fita da iska yana bugunsa, shi ya sa nake karkatar da shi gefen baki.

A kan kalangu ne ya fi burge ni. Duk yadda makaɗi ya zage, sautin ba ya fashewa, kuma hawa da saukar muryar kalangun idan an matse tsarkiya suna fita tsaf. Haka ma algaita, har yana rage mata kaifin da ke huda kunne.

Gurmi ne ba su jitu ba, kuma wannan halin yawancin dainamik ne. Iyakar jin XM8500 daga 50 zuwa 15,000 Hz ne (ma'aunin kauri da kaifin sauti), ƙyallin saman tsirkiya da shafar yatsu duk sai su dushe. Da yake gurmi ba shi da ƙarfin sauti, dole ka murɗa saunkad, wato na'urar da ke haɗa makirufo da kwamfuta, kusan ƙarshe, idan kuma saunkad ɗin mai rauni ne sai wani "sss" ya biyo baya. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin gurmi ne jigon yawancin waƙoƙina. Ranar ɗaukarsa kwandensa nake arowa.

XM8500 ba ya buƙatar wutar bolt 48 irin ta kwandensa, ba shi da makunni, kuma yana zuwa a akwatin roba da maƙalinsa. Wayar XLR, wadda ake jona shi da ita, daban za ka saya. Ka haɗa da sandar ɗora shi, domin in ka riƙe a hannu motsin yatsunka zai shiga cikin ɗaukar.